Littafin da Baba ya dawo min da shi

Duk daren Juma'a bayan Isha mukan haɗu mu bakwai a falon wani dattijo a Madina, kowa ya faɗi abin da yake karantawa. Yawancinmu ɗaliban Jami'ar Musulunci ne, sai wani ɗan garin Mai Wurno daga Sudan, sai maigidan, haifaffen Makka, da muke kira Baba.

Da na dawo daga hutu na taho da littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya fito a 1934, na miƙa wa Baba ina ta zuba wa littafin kirari. Mako uku yana hannunsa. Da ya dawo min da shi, ko alamar buɗewa babu. Har na ɗan ji haushi a raina.

Ɗan Mai Wurno ne ya ja ni gefe. "Malam, ai Baba ba ya karanta boko. Ni ma da ƙyar nake harhaɗawa." Kunya ta rufe ni. Hausar bakin Baba ta fi tawa tsufa da daɗi, amma karatunsa duk da Larabci ya yi shi. Tun ranar nake tambayar mutum da wane rubutu yake karatu kafin in cusa masa littafi.

Sai muka sauya tsari: kafin shayi ya huce, in karanta shafi biyar a fili. Da muka kai inda uwar Umar ta bazama neman ɗanta, Baba ya ɗaga hannu. "Dakata, ɗana." Ashe kakarsa ma da ƙafa ta taho, ta Chadi da Sudan, ana noma ana tara guzuri, har suka hau jirgin ruwa a Sawakin. Ɗan Mai Wurno ya karɓe da labarin yadda mutanen Sarkin Musulmi Attahiru suka yi gabas bayan yaƙin Burmi na 1903, suka kafa garinsu kusa da Sinnar. Ranar ba mu koma kan littafin ba.

Ɗan Mai Wurno kuma ya rama min da littafin Mausimul Hijra ilash Shamal na marubucin Sudan Ɗayyib Salih, na 1966. Ni mai taƙamar nahawu da fiƙihu, Larabcin adabin zamani ya ba ni ruwa, kuma akwai shafukan da ba zan iya karantawa a gaban Baba ba ko da kuɗi.

Makon jiya muka gama Shaihu Umar. Ina sa takalmi Baba ya ce, "Ɗana, an ce akwai wani Ruwan Bagaja. Yana wurinka?"