Abin da canza sifirin ɗin tsohuwar mota a gida ya koya mini

Tambaya guda na koyi yi wa kaina kafin in ɗora sifana a kan kowane noti a ƙafar mota: yanzu nauyin nan a kan me yake? Mota ko tana ajiye shiru, sifirin ɗinta, wato naɗaɗɗen ƙarfen nan da ke ƙafarta, a matse yake, shi ke ɗauke da ita. Ka ɗaga ta, nauyin ya koma kan jak. Ka ciro shokozoba da sifirin ɗinsa ka ajiye a ƙasa, har yanzu akwai ƙarfi a ɗaure a ciki, noti ɗaya ne tak a sama yake riƙe da shi. Duk wanda ya ji rauni a wannan aiki, in ka bi diddigi, a wani mataki ne ya manta inda ƙarfin yake.

Da farko dai sai an tabbatar sifirin ɗin ne ya mutu. Mutane da yawa da sun ga mota ta zauna ta gefe guda sai su ce shokozoba ne, alhali aikin shokozoba shi ne hana mota ta yi ta tsalle bayan ta faɗa rami, ɗaukar nauyi kuwa na sifirin ne. A ajiye motar a wuri mai daidai, a auna daga tsakiyar taya zuwa bakin bodi na samanta, hagu da dama. In ɓangare ɗaya ya fi ɗaya ƙasa sosai, ko kana jin ƙwas idan ka murɗa sitiyari, to leƙa ƙasan sifirin ɗin. A nan ya fi karyewa, a zagayen ƙarshe da ke zaune cikin mazauninsa, inda laka da ruwa ke taruwa. Fenti ya ɓare, tsatsa ta ci 'yan ramuka, tsagewa ta fara daga ramin tana tafiya a hankali. Na motata da na ciro, guntun da ya karye yana kwance a mazaunin, rabin zobe. Bakin karayar kashi biyu ne: gefe ɗaya baƙi ƙirin da tsatsa, alamar ya daɗe a tsage, ɗaya gefen kuma fari tas yana ƙyalli, nan ne ya ƙarasa ɓallewa. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne kaifin ɓangaren da ya rage, don irinsa ne ke zamewa ya yanka gefen taya mota na gudu.

Biyu ake canzawa, na hagu da na dama tare. Sabo a gefe ɗaya, gajiyayye a ɗaya gefen, mota za ta karkace, kuma ba za ta yi daidai a kwana ko wajen taka birki ba. Wajen saye ma akwai lura. Mota iri ɗaya mai babban inji da mai ƙarami ba lallai su yi tarayya a sifirin ba, shi ya sa kamfanoni da yawa ke sa ɗigon fenti mai launi a jikinsa. A kwatanta sabo da tsoho gefe da gefe: kaurin ƙarfen, yawan zagaye, da yadda bakinsa ya ƙare. Masu gasa sifirin da wuta ko su yanke shi don ya shiga, ban yarda da su ba ko kaɗan. Zafi yana kashe taurin da aka ba ƙarfen a masana'anta, ba ya dawowa.

Jak na ɗagawa ne, ba na riƙewa ba. 'Yar roba ce a cikin jak mai aiki da mai take riƙe man, ranar da ta saki ba ta sallama. A sa madogarar ƙarfe a kan daɓe mai ƙarfi, a tokare tayoyin da ke ƙasa, a sassauta notin taya tun kafin a ɗaga. A tsohuwar mota kuma sai an ƙwanƙwasa wurin da za a dogara, don tsatsa kan cinye shi ta ciki fenti na rufe. Ɗaga ɓangarorin biyu tare ya fi sauƙi, in ba haka ba sandar sitabilaiza, wadda ta haɗa ƙafar hagu da ta dama, za ta murɗe ta yi ta ja da kai.

Tsatsa ce ke cinye mafi yawan lokacin. A goge zaren notuna da buroshin waya, a fesa man sassauta tsatsa tun ana gobe za a yi aikin, a yi amfani da soket mai baki shida wanda ke rungumar noti sosai, don mai baki goma sha biyu yana saurin cinye kan notin. Kafin a kwance ƙusoshin da suka haɗa shokozoba da ƙafar, a yi musu alama, domin a wasu motocin su ne ke saita tsayuwar taya. A cire tiyon birki da wayar ABS (na'urar da ke hana taya ƙamewa in an taka birki) daga maƙalinsu, a ɗaure ƙafar da waya a jikin bodi. In aka bar ta ta rataya, tiyon birki ne zai ɗauki nauyinta, shaf ma, wato sandar da ke juya taya, yana iya zarewa ta ciki.

Sai wurin da nake rage sauri ƙwarai. Yawancin ƙananan motoci ƙafarsu ta gaba irin tsarin nan ne da injiniya Ba'amurke Earle MacPherson ya fito da shi a shekarun 1940, inda sifirin ke zagaye da shokozoba, an danne shi tsakanin mazaunin ƙasa da kan sama. A ɗan yi lissafi. A ce sifirin ne da ke buƙatar nauyin kilo biyu da rabi kafin ya matsu da milimita ɗaya. In aka matse shi santimita 10, ƙarfin da ke cikinsa ya kai na kilo 250, kuma in ya kuɓuce a lokaci guda zai sake shi. Don haka ba a taɓa notin sama sai an kama sifirin ɗin da ƙarfen matse shi, wanda guda biyu ne. A shafa wa zaren ƙarfen giris, a kafa biyun suna fuskantar juna, a tabbatar ƙugiyoyin sun zauna daram a kan zagayen. A ɗaura wannan kaɗan, a koma wancan kaɗan, da hannu, ba da injin iska ba. Idan sifirin ya fara lanƙwasa gefe guda, ko ƙugiya ta fara zamewa tana matsowa kusa da 'yar'uwarta, a tsaya a sassauta a sake. Ana gane ya isa idan sifirin ya saki mazauninsa yana juyawa da hannu. Duk tsawon wannan lokaci a kwantar da shi, kada fuska ko ƙirji ko ƙafa su tsaya a saitin bakinsa, kamar dai yadda ake yi da bindiga mai harsashi. Wanda ƙarfen matsewarsa siriri ne ko zarensa ya cinye, ya ɗauki shokozobar ya kai inda ke da injin matsewa, ko ya sayi wanda aka riga aka haɗa da sifirin ɗinsa. Ni ina ganin wannan hankali ne, kuma bai rage komai daga aikin da mutum ya yi da hannunsa ba.

Ƙafar baya a motoci da dama ta fi sauƙi, don sifirin daban yake da shokozoba. A tokare hannun ƙafar da jak, a kwance, a sauke a hankali har sifirin ya saki.

Wajen mayarwa, bakin zagayen ƙasa yana da gurbin da yake tokarewa a mazauninsa, in bai shiga nan ba mota za ta yi ta ƙara kuma ba za ta zauna daidai ba. Tunda an riga an buɗe, a duba boris ɗin kan sama da robobin da ke ƙarƙashin sifirin da rigar ƙurar shokozoba. Kada a kama sandar shokozoba mai ƙyalli da filaya, ƙarcewa kaɗan ta isa ta yaga robar ciki mai ya fara yoyo.

Mataki na ƙarshe shi ne wanda aka fi tsallakewa, kuma tambayar nauyi ce ke bayyana shi. Ƙusoshin da suka ratsa ta cikin bushin na roba ba a ƙarasa ɗaure su mota na sama ƙafa na lilo. In aka ɗaure a haka, da an sauke mota robar za ta zauna a murɗe, ba za ta daɗe ba ta tsage. A bari sai nauyin motar ya hau ƙafafunta, sannan a ɗaure da sifana mai awo gwargwadon abin da littafin motar ya faɗa. Daga nan a kai ta a saita ƙafa, don tsayin mota ya canza, tsayuwar taya ma ta canza, in an ƙyale za ta cinye taya ta gefe ɗaya. A duba saitin fitilun gaba, sannan bayan 'yar tafiya a sake bin notin tayoyi da sifana.