Milimita biyu da rabi ne suka ci min fentin keke

Har yanzu in na sunkuya ina wanke keken nan idona sai ya kai kan wurin da fentin ya goge, raina ya sake ɓaci, don wallahi abu ne da minti biyar na karatu zai hana.

Firam ɗin keken burji na samu babu kaya a jiki, na ce zan haɗa da kaina. Abin da na sa wa ido kawai shi ne ramin BB, wato inda sandar feda ke ratsa firam, na duba na ga mai zare ne irin da ake kira BSA, faɗinsa milimita 68, sandar kirankin Shimano kuma, wato hannuwan feda da farantan sarƙa, milimita 24 ce, boris ya shiga lafiya lau, sai na ɗauka an gama. Na ɗauko kirankin keken kwalta mai faranti biyu, haƙora 50 da 34, na ɗaura. Da na juya feda a tsaye komai na tafiya, amma ƙaramin farantin ya matso kusa da ƙarfen da ya tashi daga BB zuwa tayar baya sosai, tazarar ba ta fi kaurin kati ba. Na gani fa, na ce ai bai taɓa ba.

Ranar farko da na miƙe tsaye a kan feda ina hawan tudu sai na ji ƙirrr ƙirrr duk taku ɗaya. Ashe firam yana ɗan lanƙwasa in ka danna da ƙarfi, haƙoran suka riƙa kartar ƙarfen, kafin in sauka sun cinye fentin har ƙasa.

Abin da ban gane ba a lokacin shi ne firam ɗin burji ana buɗa ƙarafan bayansa ne don taya mai faɗi ta samu wuri, to wurin da aka ba taya daga wurin farantin sarƙa aka ɗebo shi. Shi ya sa kirankin GRX, wanda Shimano ta yi don keken burji, aka turo layin sarƙarsa, wato nisan farantai daga tsakiyar firam, waje da milimita 2.5 a kan na kwalta, na kwalta yana wajen 43.5, kuma farantan ƙanana ne, 46 da 30 ko 48 da 31. Masu ƙera firam ɗin ma sun rubuta iya girman farantin da yake ɗauka, yana nan a takardar bayanansa, ni ne ban buɗe ba sai bayan ɓarna.

Na sayo mai 46 da 30, tazara ta samu, na ce alhamdulillahi. Sai kuma sarƙa ta ƙi hawa babban faranti yadda ya kamata, na kwance sukurun da ke iyakance motsin mai sauya giya har ƙarshe amma a banza, saboda mai sauya giya na gaba na kwalta ne, ba don wancan layin aka yi shi ba. Wannan milimita 2.5 ɗin dai ta sake biyo ni, dole shi ma na canza shi zuwa na GRX. Kaya biyu kenan na saya sau biyu.

Ƙafafuna sun ɗan ƙara buɗewa a kan feda, daga milimita 146 zuwa 151, kwana biyu na saba. Giyar 30 kuwa a hawan tudu mai tsakuwa daɗi ne da ita, da tun farko ita na nema.

Yanzu duk wanda ya ce min BB ɗinsa ya dace da kirankin da zai saya sai in tambaye shi layin sarƙa nawa firam ɗin yake so, kuma haƙora nawa aka ce kar ya wuce. In ya ɗaura kuma ya ga tazarar kamar kaurin kati, kar ya hau, ya kwance. Nawa wurin na liƙa masa tef mai kauri, amma ina ganin kartar ta ciki.