Gawa a Washinton, sanadi a tekun Bering

Wari ne ya fara tarbar mu tun kafin mu hango ta. A watan Mayu na 2019 ne, ina shekarar farko ta digiri na biyu a fannin halittun teku a yammacin Amurka, aka kira malamarmu cewa igiyar ruwa ta turo gawar kifin wel gaɓar jihar Washinton. Mun saba cewa kifi, amma ba kifi ba ce: haihuwa take yi, ta shayar da ɗanta nono, ta kuma leƙo sama ta shaƙi iska kamar ni da kai. Wannan irin mai ruwan toka ce, tsawonta ya kai na doguwar motar safa. Ni da na tashi ban san abin da ya fi tarwaɗa da giwan ruwa ba, sai na tsaya sororo riƙe da allon rubutu.

Aikina ke nan a ranar, rubutu. Wasu na yanka, wasu na awo, ni ina cike takarda. Malama ta tsaga fatar da doguwar wuƙa, ta ce in matso in duba kitsen. Ta ce na lafiyayyar wel mai yake tsatstsafowa har wuƙa ta riƙa sulɓewa a hannu. Wannan kuwa a bushe yake, zare-zare kamar soson wanka. Bayan kanta ya lotsa, wurin da ya kamata a ce ya cika ya yi tozo. Da aka buɗe ciki, babu abin kirki sai ciyawar ruwa da guntayen itace. Can kuma a haƙarƙari aka tarar da karaya da taruwar jini, alamar wani abu mai nauyi ya make ta tana da rai.

A ƙasan takardar akwai layi ɗaya na sanadin mutuwa. Ban yi wata-wata ba na rubuta: jirgin ruwa ya buge ta. Malama ta karɓa ta duba, ta ce, "Ba ka yi ƙarya ba. To me ya kai ta hanyar jirgi?" Na yi shiru. Tambayar nan ce ta cinye mini shekara biyu.

Manyan wel irin waɗannan ba su da haƙori. Abin da ke bakinsu matata ce, faya-faye jere kamar haƙoran mataji, masu gashi-gashi ta ciki, kuma da abin da aka yi farce da ƙaho da kofato aka yi su. Sai dabbar ta kamfaci ruwa, ta turo shi waje ta cikin matatar, abinci ya maƙale. Mai ruwan toka ita ce ta fita daban: ƙasa take nutsawa, ta kwanta ta gefe ɗaya, ta zuƙi laka, ta tace wasu ƙananan ƙwari masu kama da jatan lande da ke zaune cikin lakar. Galibinsu ta dama suke kwanciya. Ranar Malama ta ɗaga mini leɓen gawar na gani da idona, matatar dama ta fi ta hagu cinyewa, kamar takalmin mai ɗingishi.

Inda take wannan kiwo ba kusa ba ne. Can arewa ne, tekun Bering da na Cukci, tsakanin Alaska da Rasha. Wata huɗu zuwa biyar take ci ba ji ba gani, sannan ta gangara kudu zuwa tafkunan gaɓar Baha Kalifoniya a Meziko, irin su San Ignasiyo, ta haihu a ruwa mai ɗumi. Zuwa da dawowa ya haura kilomita 16,000, kuma kusan duk tafiyar a kan kitsen bara ake yin ta. Ke nan wadda muka yanka a watan Mayu, rabonta da ƙoshi tun wajen Oktoban shekarar da ta wuce. Guzuri ne ya ƙare mata a hanya, sai ta ratse cikin mashigai tana lalube a lakar da ba ta da komai, inda kuma nan ne jiragen dakon kaya ke kai da kawo.

Ba ita kaɗai ba ce. A ƙarshen watan nan hukumar kula da tekuna da yanayi ta Amurka, NOAA, ta ayyana cewa mace-macen ba na al'ada ba ne. Kafin a rufe babin a 2023 an ƙirga gawa 690 daga Meziko zuwa Alaska, kuma waɗannan su ne kawai waɗanda ruwa ya turo tudu; mafi yawa nutsewa suke yi. Garken da aka ƙiyasta ya kusa 27,000 a 2016 ya koma wajen 14,500 a 2023.

A nan na tafka kuskuren da har yau nake jin kunyarsa. Na zauna da kwamfuta na ce abin ai a fili yake: ƙanƙara ce ke tare wa wel hanyar makiyaya, to tunda zafin duniya na narkar da ita, kamata ya yi su samu ƙarin kwanakin kiwo, su yi ƙiba. Har na kawo hujja da cewa a shekarun da ƙanƙara ta janye da wuri, an fi ganin jarirai a shekara mai zuwa. Wannan gaskiya ne. Na gabatar da shi a gaban 'yan ajinmu ina ta ƙafafa, cewa a nemi matsalar a wani wuri, ba a ƙanƙara ba. Wani ɗalibi da ya yi aiki a jirgin bincike a Bering ya ɗaga hannu ya ce, "Su ƙwarin lakar, me suke ci?" Ban taɓa tambayar kaina ba.

Ashe a ƙarƙashin ƙanƙarar akwai gansakuka da ke manne tana girma. In lokacin narkewa ya zo sai ta saki, ta zube ƙasan teku tun ruwan yana da sanyi, kafin ƙananan halittun sama su farka su cinye ta. Wannan zubowar ita ce tuwon ƙwarin laka, su kuma su ne tuwon wel. In ƙanƙarar ta yi ƙaranci, ko ta tafi da wuri ƙwarai, abincin a sama ake cinye shi, kaɗan ne ke isa ƙasa. Ruwan ma ya fi gudu, yana share lallausar lakar da ƙwarin ke gina gidajensu a ciki. A hunturun 2018 da na 2019 kuwa, ƙanƙarar tekun Bering ta yi ƙarancin da ba a taɓa rubuta irinsa ba. Ƙofar rumbu a buɗe take, rumbun ne babu hatsi. Ni ƙofar kawai na tsaya ina aunawa. Daga baya, a 2023, wani bincike da Joshua Stewart ya jagoranta ya fito a mujallar Science, ya haɗa abubuwan biyu, hanyar shiga da yawan abincin, ya nuna su ne ke bayan wannan faɗuwa da ma ta 1999 zuwa 2000.

Wanda ya fi kowa saurin gane zancen shi ne Baffana, wanda bai taɓa ganin teku ba. Shekara talatin ya yi yana harkar shanu a kara. Ina ba shi labari a waya, ban kai ƙarshe ba ya katse ni: "Ai ɗana, saniyar da ta faɗi a bazara tun kaka aka kayar da ita. In ka ga ta kutsa gonar mutane ko ta hau kwalta, ba rashin hankali ba ne, yunwa ce." Na ce, "Baffa, abin da Turawan nan suka shekara suna nuna mini ke nan." Ya yi dariya ya ce da na tambaye shi da an huta da kuɗin jirgi.

Da na fahimci haka sai na soma ganin salon a wasu tekunan. Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne na baƙar wel ta Arewacin Atilantika, wadda a ƙiyasin 2023 duk duniya ba ta wuce 370 da 'yan kai ba. Ita abincinta wani ƙwaro ne mai maiƙo, girman ƙwayar shinkafa. Shekara da shekaru ana samun ta da rani a mashigin Men da na Fandi, a gaɓar gabashin Amurka da Kanada, a nan kuma aka tanadi dokokin kare ta. Har hanyar jiragen ruwa aka karkatar a Fandi a 2003 saboda ita. Daga wajen 2010 ruwan zurfin wurin ya ɗumama, ƙwaron ya ragu, sai wel ta bi abinci arewa zuwa mashigin Sent Lorens na Kanada, inda babu wanda ya shirya mata. Ga jirage, ga igiyoyin tarkon ƙaguwa. A 2017 guda 17 suka mutu, 12 a ruwan Kanada. A lokacin haihuwa na 2018 ba a ga jariri ko ɗaya ba. Duba takardun gawarwakin, za ka ga igiya, za ka ga jirgi. Babu inda aka rubuta zafin ruwa. Ni a ganina nan ne masu tsara doka ke yin irin kuskurena: sukan zana iyaka a taswira inda dabbar take jiya, ita kuwa ba taswira take bi ba, cikinta take bi. Kanada ta koma rufe wuraren kamun ƙaguwa da rage gudun jirage gwargwadon inda aka hango wel, wanda ya fi, sai dai bayan ɓarna aka yi shi.

Wel mai doro ma ta sha nata a Arewacin Fasifik, lokacin da wani ƙaton yankin ruwa ya yi zafi daga 2014 zuwa 2016. Ƙididdigar da aka yi ta hanyar hotunan wutsiya, domin kowace da zanenta kamar tambarin yatsa, ta nuna an rasa kimanin 7,000 tsakanin 2012 da 2021. 'Yan'uwan waɗannan ne, na kudancin duniya, ke zuwa mashigin Gini su haihu, gaɓar Gabon har Binin da Togo, da kitsen da suka tara a tekun Antatika.

Kada ka ɗauka na warke daga gaggawa. A 2024 ƙidaya ta nuna masu ruwan toka sun haura 19,000, na aika wa Malama saƙo cike da murna cewa garke ya farfaɗo, kamar yadda ya yi bayan 2000. Amsarta gajera ce: in bar manya, in duba jarirai. Cikin wel wata goma sha uku ne, uwar da ba ta ƙoshi ba kuwa ko dai ba ta ɗauka, ko ya zube. Shi ya sa duk bazara ake zama a kan wani tsauni a gaɓar Kalifoniya da madubin hangen nesa, ana ƙirga uwa da ɗa suna wucewa arewa dab da gaɓa. A 2025 sabuwar ƙidaya ta fito: garken wajen 13,000, mafi ƙanƙanta tun shekarun 1970, jarirai kuma kimanin 85 kacal.

Kwafin takardar nan ta 2019 tana nan cikin jakata, da ɗigon mai a gefenta wanda har yanzu in ka kai hanci za ka ji. Rubutuna na nan a layin ƙasa, jirgin ruwa ya buge ta. A ƙarƙashinsa, da jan biro, Malama ta ƙara kaurin kitsen da muka auna, ta ja masa layi biyu.