The Boondocks a Wayoyin Kano: Wa Ke da Izinin Wannan Wasan?

A majalisun samari na Kano, daga Zoo Road har Kabuga wajen 'yan jami'a, akwai wani katun na Amurka da ba ya rasa tayar da musu. Wani ya ce ashar ce zalla aka lulluɓe da zane. Wani ya ce makaranta ce ta tarihin baƙar fata. Wani kuma ransa ɓaci yake yi, yana ganin Turawa ne suka biya kuɗi a ci wa baƙaƙe mutunci. In ka bi diddigi za ka tarar yawancinsu ba su taɓa kallon kashi ɗaya daga farko har ƙarshe ba. Guntun minti ɗaya ne aka yanko a TikTok ko aka turo a WhatsApp, kowa ya gina hukuncinsa a kai.

Mu fara da mai cewa aikin Turawa ne, don tasa ta fi sauƙin warwarewa. Wanda ya ƙirƙiri The Boondocks baƙar fata ne, Aaron McGruder. Ya fara shi a matsayin zanen barkwanci tun yana ɗalibi a Jami'ar Maryland, jaridun Amurka suka soma bugawa a 1999, sannan ya koma talabijin a Nuwamban 2005 a Adult Swim, wato shirye-shiryen dare na manya na tashar Cartoon Network. Zango huɗu ne, kashi 55, kowanne kusan minti 22, aka rufe a 2014. Ukun farko kashi goma sha biyar-biyar ne, na huɗu goma.

Labarin gida ɗaya ne: tsoho Robert Freeman ya kwashi jikokinsa biyu daga kudancin Chicago ya kai su Woodcrest, unguwar masu hali wadda kusan duk Turawa ne. Huey ɗan shekara 10, mai karatu da ɗaure fuska, an raɗa masa sunan Huey P. Newton, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar gwagwarmayar baƙar fata ta Black Panther a 1966. Riley ɗan shekara 8, shi burinsa ya zama ɗan daba irin na waƙoƙin rap. Mace ɗaya ce, Regina King, ke yin muryar yaran biyu, abin da mutane da yawa ba sa yarda da shi sai sun duba.

Bahaushe yana da makullin fahimtar wannan shiri a aljihunsa, sai dai ba ya lura. Bakano ya ga Bazazzagi ya ce masa "bawana", a yi dariya a rabu lafiya. Haka Bafulatani da Babarbare, haka Bagobiri da Bayarabe. Amma bari wani baƙo da ba ya cikin wasan ya ɗauki wannan kalma ya jefa wa dattijo a kasuwar Kurmi, ka ga yadda fuska za ta sauya. Kalmar ba ta canza ba, mai faɗa ne ya canza. To kalmar nan mai farawa da harafin N da ke yawo a bakin 'yan wasan nan haka take, sai dai tata ta fi nauyi nesa ba kusa ba: a gonakin bauta aka yi ta kiran kakanninsu da ita, da ita aka rataye mutane a kudancin Amurka. Su kansu baƙaƙen Amurka ba su gama sasantawa a kanta ba, wasu na ganin sun ƙwace ta sun mai da ita tasu, wasu ko jinta ba sa son yi. Saurayin Kano da ya ɗauke ta daga katun yana kiran abokinsa da ita a Facebook ya shiga wasan dangin da ba a gayyace shi ba, baƙin fatarsa kuwa ba lasisi ba ne, don tarihin ba nasa ba ne.

Inda guntun bidiyo ya fi yin ɓarna shi ne kan Uncle Ruckus. Tsoho ne baƙi wuluk mai ido ɗaya a zazzare, wanda ya tsani baƙaƙe kamar ya mutu, yana rantsuwa cewa shi Bature ne, wata cuta ce kishiyar ta Michael Jackson ke ƙara masa baƙi. In aka yanko maganarsa ita kaɗai, zagi ne tsagwaronsa, kuma haka wasu ke yaɗa ta suna ƙyaƙyata dariya, har da masu cewa "ai gaskiya ya faɗa". Alhali shi ne abin dariyar, ba waɗanda yake zagi ba. Sai kusa da ƙarshen zango na uku aka buɗe asalinsa: uba mai duka da wulaƙanci, da uwar da ta yi ta cusa masa cewa shi farar fata ne. Wanda ya kalli wannan kashi ba zai ƙara jin maganganunsa yadda yake ji a da ba. Mu ma da muke da masu shafe-shafen man bilicin a kowace unguwa, bai kamata Ruckus ya zame mana baƙo ba.

Mai son ya yi wa shirin adalci ba sai ya cinye awa ashirin ba. Kashi na biyu da na tara na zangon farko sun isa ma'auni. Na biyu shari'ar mawaƙi R. Kelly ce, kan zargin lalata da ƙaramar yarinya. Maƙwabcin su Huey, lauyan gwamnati Tom DuBois, ya kawo hujja ƙarara, sai lauyan mawaƙin ya juya zancen ya ce a dubi matar Tom, ai Baturiya ce. Nan take aka manta da yarinyar da aka zalunta, aka kunna kiɗa a kotu ana rawa, sai Huey ne ya kashe kiɗan ya yi wa jama'a faɗa. An nuna wannan a 2005. A zahiri kotu ta wanke mawaƙin a 2008, sai a 2021 aka same shi da laifi a New York, aka yanke masa shekara 30 a 2022. Duk wanda ya taɓa ganin masoya suna kare gwaninsu don kawai nasu ne, ya san ba Amurka kaɗai ake nufi ba.

Na tara kuwa shi ne ya fi tayar da ƙura. Aka ƙaddara harbin da aka yi wa Martin Luther King, jagoran fafutukar 'yancin baƙaƙen Amurka, a 1968 bai kashe shi ba, doguwar suma ya yi ya farfaɗo a 2000. Bayan harin 11 ga Satumban 2001 ya ce a so maƙiyi, aka kira shi maci amanar ƙasa. Ya dubi abin da talabijin ke nuna wa jikokin gwagwarmayarsa, ya hau mumbari a fusace ya zazzage su da kalmar nan mai farawa da N, ya ce shi ya tafi Kanada. An saki kashin ranar 15 ga Janairun 2006, daidai ranar haihuwarsa. Al Sharpton, ɗan fafutukar haƙƙin baƙaƙen Amurka, ya nemi a ba da haƙuri, daga baya kuma wannan kashin dai ya ci lambar yabo ta Peabody. Wato musun da ake yi a majalisar Kabuga, masu abin ma sun yi shi, ba su kuma gama ba. Akwai ma kashi biyu a zango na biyu da suka caccaki BET, tashar talabijin ta baƙaƙen Amurka, waɗanda ba a nuna a talabijin ɗin Amurka a lokacin ba, sai a faifan DVD.

Mai cewa ashar ta yi yawa fa yana da gaskiya, kada a raina masa. Akwai batsa, akwai zancen karuwai da luwaɗi, akwai kashin da ya taɓa addini inda Ruckus ya yi mafarkin aljannar Turawa da Ronald Reagan a bakin ƙofa. Kuskuren da aka fi yi a gidajenmu shi ne ɗaukar duk abin da aka zana a matsayin na yara. Uba ya je wajen masu tura fina-finai a Farm Centre ya ce a zuba wa yara katun, a haɗa da wannan a fayil ɗaya da Tom and Jerry. Zanen kuwa mai ɗaukar ido ne, salon na Japan, da faɗan kanfu da takubba, yaro ba zai ɗauke kai ba. A duba sunan fayil kafin a miƙa waya.

Ga wanda zai kalla, a nemi mai rubutun Turanci a ƙasa, don Turancin baƙaƙen Amurka ba shi aka koya mana a aji ba, kuma rabin habaicin a cikin lafazi yake. Ga misali: Ed Wuncler na uku da abokinsa Gin Rummy Turawa ne a zane, amma baƙaƙe ne, Charlie Murphy da Samuel L. Jackson, suka yi muryarsu, kuma George Bush ƙarami da sakataren tsaronsa Donald Rumsfeld ake yi wa shaguɓe kan yaƙin Iraƙi. Shi ya sa masu fatan a yi masa fassarar Hausa irin ta fina-finan Indiya za su sha mamaki: da zarar murya ta zama ɗaya, wasan ya mutu, ashar ce kawai za ta rage.

Zango na huɗu a bar shi a ƙarshe, ko a bar shi gaba ɗaya. An yi shi ba McGruder, Huey ya koma ɗan kallo, labarin ya karkata kan bashin da ya ci tsohon. An sanar da dawo da shirin a manhajar kallon fina-finai ta HBO Max a 2019, a Oktoban shekarar John Witherspoon mai muryar kakan ya rasu, a 2022 aka soke aikin.