Asabar: Lissafin shakazoba

Tun da na dawo daga Illela makon jiya motata ke rangaji kamar kwalekwale, ko ƙaramin rami na faɗa sai gabanta ya yi ta sukuwa kafin ya natsu. Yau da safe na durƙusa na leƙa bayan tayar hagu, na tarar mai ya jiƙe jikin shakazoba, wanda ke nuna cewa robar da ke tsare man ta lalace.

Niyyata ita ce in canza da kaina, domin ina da jak da sifanu, kuma na daɗe ina ganin kuɗin aikin bakanike asara ne. Na je wajen masu kayan gyara na tambayi farashi, sai na ga sabuwar shakazoba ta kamfanin KYB ta ninka ta Beljiyam, ita kuwa ta Beljiyam ba wanda zai iya rantsuwa kan tafiyar da ta yi kafin ta iso Sakkwato. Ga shi ba a canza ɗaya a bar ɗaya, domin idan ɓangare guda ya fi ƙarfi, mota ba ta zama daidai a kwana ko wajen taka birki. Na daure na sayi sababbi biyu.

A gida ne lissafin ya rushe. Shakazobar gaban Corolla tana cikin sifirin ne, a matse da nati guda a sama, kuma kwance natin ba tare da ƙarfen matse sifirin ba ganganci ne, don sifirin kan yi tsalle da ƙarfin da zai iya karya hannu ko muƙamuƙi. Da na haɗa kuɗin wannan ƙarfe, wanda wataƙila sai bayan shekaru zan sake buƙatarsa, da kuɗin alaimen, wato daidaita saitin tayoyi, wanda dole ne a yi shi bayan aikin ko da ni na ɗaura, sai na ga jimillar ta haura naira 15,000 da bakanikena na Mabera ya nema. Ban ma sa wunin da zan ɓata cikin wannan zafin rana a lissafi ba.

Bayan azahar na kai masa motar. Da na faɗa masa abin da na so yi, ya yi dariya ya ce, "Malam, sifirin ga ba a yi mishi gaggawa." Shi da yaransa biyu sun gama kafin la'asar, har ya nuna mini robar saman shakazoba da ta tsage, wadda da ni ne da na mayar da ita yadda take.

Rangwamen da na samu yau a wajen sayen kayan ne, tunda na zagaya shaguna uku da ƙafata na yi ciniki. Alaimen kuwa sai Litinin, domin mai injin ya rufe kafin mu isa.