Yadda na fara karatun Yidish daga babbaƙu

Wanda ya yi makarantar allo ya riga ya sha rabin wahalar karatun Yidish, ko da bai taɓa jin sunansa ba, domin daga dama ake jan layi zuwa hagu. Harshen Yahudawan tsakiya da gabashin Turai ne, asalinsa Jamusancin da, ya kuma kwashi kalmomi daga Ibrananci da harsunan Poland da Yukren. Da haruffan Ibrananci ake rubuta shi. Ni kuwa na shigo ba Jamusanci ba Ibrananci.

Babbaƙu ba su ba ni wuya sosai ba, sai 'yan tagwayen da ke ruɗa ido. Dalet da resh kansu ɗaya, kafaɗa ce ta raba su: ta dalet mai kusurwa, ta resh a lanƙwashe. He da khes kuma wata 'yar kafa ce a hagu, ɗaya a buɗe ɗaya a rufe. Sai da na riƙa rubuta su kafaɗa da kafaɗa a takarda, manya-manya, kafin idona ya daina yi mini gardama. Akwai kuma haruffa biyar masu sauya kama a ƙarshen kalma, wanda ba baƙon abu ba ne ga mai ajami.

Farfaru ne suka sa na saki jiki. Yidish yana rubuta wasulansa a kan layi kamar boko: alif mai gajeren layi a ƙasa "a" ne, ayin kuma "e". Ka yi tattashiya, kalma ta fito. Har na fara jin kaina.

Sai na ci karo da kalmomin da suka fito daga Ibrananci da Aramaik, wani tsohon harshe ɗan'uwan Ibrananci. Su ba a taɓa su ba, yadda suke a littattafan addini haka ake kawo su, baƙaƙe zalla. Ranar hutun Yahudawa ana rubuta ta da shin, bes, sof, a furta "shabes". Babu dabarar tattashiya a nan, hadda ce kawai. Malamanmu ma kan bar kalmar Larabci da rubutunta a tsakiyar ajami. Abin da ya rage mini nauyi shi ne dangantakar Ibrananci da Larabci: shabes ɗin nan Asabar ce, "tsdoke" sadaka, "malekh" mala'ika. Na ware wa irin waɗannan littafi na musamman, kullum ina tilawa. A Tarayyar Sobiyet, tun shekarun 1920, an mai da rubutun irin waɗannan kalmomi yadda ake furta su. Na gane dalili, amma a ganina an yanke wa kalmomin cibiya.

Ƙa'idar rubutun da ke littattafan koyo ta YIVO ce, cibiyar nazarin Yidish da aka kafa a Vilna (Vilnius, babban birnin Lithuania a yau) a 1925, ta fitar da ƙa'idojin a 1937. To amma jaridun Hasidawa, wata ɗariƙar Yahudawa masu riƙo da addini, na New York ba ruwansu da ita, yawancin ɗige-ɗigen da na dogara da su babu. Tsofaffin littattafai kuma suna cusa haruffan da ba a furtawa, suna kwaikwayon Jamusanci. Shawarata, a tsaya a kan ƙa'ida ɗaya har ƙafa ta yi ƙarfi, a kuma yar da rubutun boko da ake sa wa a gefe tun da wuri, don ido malalaci ne, can zai gudu.

Abin karantawa bai yi ƙaranci ba, masu karatun ne aka kashe. Kafin Yaƙin Duniya na Biyu masu jin harshen sun kai wajen miliyan 11, kuma galibin Yahudawa miliyan 6 da 'yan Nazi suka hallaka da shi suke magana. Tun 1980 wani Ba'amurke, Aaron Lansky, ya shiga tattara littattafan da jikokin masu harshen ba sa iya karantawa, cibiyarsa ta Amherst a Amurka ta ɗora dubbai a intanet kyauta, wasu har da muryar mai karantawa. Da su nake aiki yanzu: in kunna murya, in bi layi da yatsa, duk inda kalmar Ibrananci ta tare ni in tsayar, in kwafe ta a littafin hadda.