Yadda Na Sa VLC A Tsohuwar Kwamfutar Baba

Tun rasuwar Baba kwamfutarsa ke ajiye a gidanmu na Gwammaja, lulluɓe da tsohon zanin gado saboda ƙura. Pentium 4 ce mai Windows XP, da ita yake lissafin shagonsa na Kantin Kwari. Hajiya ce ta sa na tashe ta. Yaya da ke Jidda yana turo bidiyon yaransa ta WhatsApp, ita kuma idonta ba ya rarrabe fuskoki a waya. Ta ce, "Auta, ba za a sa min su a talabijin ɗin Babanku ba?" Haka take kiran allon kwamfutar.

Na kwaso bidiyon a filashi, amma Windows Media Player ya ƙi buɗe ko ɗaya. MP4 ne, shi kuwa na XP bai san su ba. Sai na ce VLC zan sa, wata manhajar kallon bidiyo, tunda kyauta ce, kuma duk abin da take buƙata don karanta bidiyo yana cikinta. Wata ƙungiya ce a Faransa, VideoLAN, ke kula da ita.

Ranar farko a banza ta tafi. Na jona kwamfutar da intanet, kowane shafi ya ƙi buɗewa. Na lura agogonta ya koma shekaru baya, ashe ɗan batirin nan mai kama da kwabo da ke cikinta ne ya mutu. Na hau adaidaita zuwa titin Beirut na sayo CR2032, na gyara kwanan wata. Duk da haka shiru. Matsalar ta fi batiri: a jerin Internet Explorer, manhajar buɗe shafukan intanet, na 8 shi ne na ƙarshe da XP ke ɗauka, kuma bai iya sabon tsarin tsaron da shafuka ke amfani da shi yanzu ba. Microsoft ma ta janye hannunta daga XP tun Afrilun 2014. Na zare wayar intanet ɗin, ban sake mayar da ita ba, don jona irin wannan kwamfuta kamar kwana ne da ƙofa a buɗe.

Washegari na sauko da VLC daga videolan.org a kwamfutar abokina, kuma a nan na yi gaggawa. Shafin ya ba ni wadda ta dace da tasa, mai 64-bit, alhali ta Baba tsarin 32-bit ne da ita, ban duba ba na taho. Ina dannawa a gida XP ta ce ba ta san wannan fayil ba. Da na danna dama a kan My Computer na shiga Properties tun farko, da na huta da zirga-zirga. A nan na ga Service Pack 3, wato kunshin gyare-gyaren XP na uku, ne a kanta, wanda ya fito a 2008, kuma shi ne mafi ƙarancin abin da VLC 3.0 ke nema. Na koma na zaɓi fayil mai win32 a sunansa, wato na 32-bit, na sa aka binciki filashin don ƙwayar cuta kafin na dawo.

Sakawar ba ta kai minti biyar ba. Da ta buɗe ta nemi izinin leƙa intanet, na cire alamar.

Bidiyo ɗaya ne ya ba ni wahala, wanda Yaya ya turo da cikakken nauyinsa: murya na tafiya, hoto na tsayawa, fankar ciki na gurnani. Ba laifin VLC ba ne, injin ne ba zai iya ɗaukar kayan ba. Na roƙe shi ya sake turowa yadda WhatsApp ke matse shi, sai ga shi yana tafiya sumul.

Bayan isha'i na jawo wa Hajiya kujera, na danna F hoton ya cika allo. Ta matso har gilashinta ya kusa taɓa shi, ta daɗe tana kallon ƙaramar tana koyon tafiya.

"Goshin Babanku ne da ita," ta ce. "Maido min baya."